Barin wuri lafiya: fita za a ce, ko ficewa, ko tsira?

Malama Tudun Wada:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. An ɗora mini rubuta sanarwar da za a manna a ɗakunan kwanan ɗalibai mata, mai bayanin abin da za su yi in gobara ta tashi da dare. Ɗaki huɗu ne, kowanne da yara kamar 40, ƙofa ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Kan sanarwar ne ya tsaya mini a wuya. Na sa "Hanyar Tsira", aka ce sai ka ce allon wa'azi. Na mayar da shi "Yadda Za A Kwashe Ɗalibai", aka ce maza in goge tun iyaye ba su gani ba. To wace kalma Bahaushe yake da ita ta barin wuri cikin aminci, ba gudu ba, ba kora ba? Kuma ina bambancin fita, ficewa, tsira da kuɓuta? Don Allah mai amsawa ya haɗa mini da abin da za a faɗa da baki a lokacin, ba na rubutu kaɗai ba.

Manazarci Samaru:

Wa alaikumus salam, Malama. Kalma guda tilo da za ta ɗauki wannan kaya duka babu ita, kuma wannan ba gazawar harshe ba ce. Hausa ta raba abin gida uku: akwai tafiyar da mutum ya yi da ƙafarsa, akwai abin da tafiyar ta haifar, akwai kuma abin da wani ya yi masa. Ke na farko kike nema, sai kika ɗebo daga na biyu da na uku.

Tushen shi ne fita. Aikatau ne ƙi-karɓau, wato wanda aikinsa ba ya faɗa wa wani, kuma shi kaɗai bai ce komai a kan haɗari ba. Mai zuwa cefane ma fita ya yi. Abin da ke ɗora masa ma'anar aminci shi ne "lafiya", wadda muka aro daga Larabci. In aka ce "sun fita lafiya", an nuna akwai abin da ake tsoro, kuma bai taɓa kowa ba. In ana son ƙarfafawa a ce lami lafiya, ko a ce ko ƙwarzane babu. Salin-alin kuwa ba ta dace da allonki ba, domin ta fi karkata ga rashin tankiya: an ce ya tashi, ya tashi salin-alin, bai ja da kowa ba.

Fice ita ce fita da aka ƙarasa. Dubi yadda ci ke zama cinye, sha ke zama shanye, saya ke zama saye. Wannan wasalin na ƙarshe yana nuna ba a rage komai ba. "Yara sun fita" yana iya nufin goma sun fita, talatin suna ciki. "Yara sun fice" kuwa ɗaki ya zama wayam. Wannan ita ce ma'anar da kike nema. Aibinta ɗaya: in aka jefa wa mutum ita kai tsaye, kora ce. "Fice mini daga nan" ba maganar arziki ba ce. Maganin abin shi ne a sakaya mai aikin, a ce "a fice", ko a yi amfani da sunan aikatau, "ficewa". Don haka ni zan sa kan sanarwar ya zama "Yadda Za A Fice Lafiya In Gobara Ta Tashi".

Fito ma 'yar gidan ce, kuma a nan ne mutane suke tuntuɓe. Duk aikatau mai ƙarewa da wannan "o" yana jawo abu zuwa inda mai magana yake: kawo, taho, shigo, sauko, fito. Wanda ke tsaye a waje ko a bakin ƙofa shi ne mai cewa "ku fito". Wanda ke cikin ɗaki tare da yara "mu fita" zai ce. In malama tana ƙuryar ɗaki tana ihun "ku fito", yaron da ya farka a gigice cikin duhu wajen muryar zai nufa, wato ya ba ƙofa baya.

Sai fitar da, ko fid da, wanda wani ne ke yi wa wani. In wakilin suna ya biyo baya akan ce fisshe, kamar a "Allah ya fisshe mu" da "kowa tasa ta fisshe shi". Wannan za ki yi amfani da shi ga marar lafiya, ko gurguwa, ko ƙaramar da barci ya ci ƙarfinta: "manya su fitar da ƙanana".

Tsira ba tafiya ba ce, sakamako ce. Ba a ce wa mutum ya tsira sai haɗarin ya riga ya kai gare shi ko ya kusa. Shi ya sa take son "da": ya tsira da ransa, ta tsira da mutuncinta, sun tsira da kayan jikinsu. Mutum ba ya bin matakai ya "yi tsira" kamar yadda zai yi alwala, samun ta yake yi. A lura kuma da rubutu: tsira ta kuɓuta dogon wasali gare ta a gaɓar farko, tsira ta shuka gajere, amma boko ya haɗe su wuri guda.

Kuɓuta tana buƙatar riƙo. Sai an kama ka, ko tarko ya riƙe ka, ko tuhuma ta hau kanka, sannan ka kuɓuta. Wanda bango ya danne aka zaro shi ya kuɓuta. Wanda ya ji ƙararrawa ya taka ya bar ɗaki bai kuɓuta ba, fita ya yi. Tsere da sulale kuwa ki bar su can. Ta farko ta mai gudu ce ana bin sa, shi ya sa ta fi zama a bakin ɓarawo da fursuna. Ta biyu ta mai zamewa a ɓoye ce, kuma yaron da ya sulale shi ne wanda za a yi ta nema a cikin wuta alhali yana bayan kicin.

Game da kwashe, wadda ta ce ki goge ta yi gaskiya. Kalmar ta kaya ce tun asali, hatsi a shanya, tuwo a tukunya, kuma wanda aka kwashe ba shi da ta cewa. Tana aiki in an ambaci mai yi, kamar "hukuma ta kwashe mazauna bakin kogi". Amma a jihar Kaduna ta yau, uba ya ga "kwashe ɗalibai" a bangon makarantar 'yarsa, kin san abin da zai fara faɗo masa a rai.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana:

Allah ya ƙara basira, Malam. Ni zan ɗora daga inda kalma ta ƙare, domin ranar da abin ya faru ba mai karanta bango. Sanarwa ta rana ce, ta koyo. Ta dare kuwa murya ce da ƙofa.

'Yata, fara da sanin abokin gaba. Yawancin waɗanda gobara ke kashewa a cikin gini hayaƙi ne ke gamawa da su kafin harshen wuta ya iso. Ɗakin kwanan ɗalibai kuma ya fi ko'ina muni, saboda katifar soso. In ta kama, baƙin hayaƙi take yi mai guba, ya taru a silin, ya riƙa saukowa. Na kan gadon sama su yake fara samu. Iska mai kyau tana ƙasa, kamar santimita 30 zuwa 60 daga daɓe. Don haka in hayaƙi ya cika, rarrafe ake yi, hannu ɗaya yana bin bango.

Kalmomin baki su zama gajeru, uku ko huɗu, kuma kullum su ɗin ne ba canji. "Gobara! Ku tashi!" Sannan "Ku bar kaya!" Sannan "Ku sunkuya, ku bi bango!" Wadda aka sa a ƙofa ta tsaya gefe, ba tsakiya ba, da tocila a hannu tana haska ƙasa, tana maimaita "Ku fito nan! Ku fito nan!" ba tsayawa. Muryarta ita ce fitilar waɗanda ba sa gani. Wannan ya yi daidai da abin da Malam ya faɗa a kan fito.

Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba. Kada a yi umarni da "kada". Cikin hayaniya kalmar farko ce ke ɓacewa. Kin ce "kada ku gudu", na ƙarshen ɗaki "ku gudu" ta ji. Ki faɗi abin da za a yi, ba wanda za a bari ba: "ku taka a hankali", "ku bi layi". Ma'aikatan cikin jirgin sama haka ake horar da su, kuma ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgi da ke nan Zariya za su gaya miki ba a amincewa da babban jirgin fasinja sai an gwada an fitar da kowa cikin daƙiƙa 90, da rabin ƙofofin a toshe.

Lissafin ɗakinki mai sauƙi ne. Ƙofa mai faɗin santimita 90 mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Yara 40 a layi, idonsu biyu, minti ɗaya ya ishe su. Ba a ƙofa lokaci ke tafiya ba, a farkawa yake tafiya, da warware gidan sauro, da neman takalmi da hijabi. Ki sa burin kowa ya fice cikin minti 2 da rabi daga bugun ƙararrawa. In gwaji ya kai minti 5, akwai abin da ya tare hanya, ki neme shi. Sau da yawa bokiti ne da akwati a tsakanin gadaje, ko igiyar shanya, ko gado da aka tura ya rufe rabin ƙofa. A bar hanyar tsakiya aƙalla mita 1, fayau. Hijabi ya kwana a gefen matashi inda hannu zai kai, don yarinya za ta koma neman sa ko me kika ce mata. In na leda ne mai santsi, a riƙe shi a hannu sai an fita, saboda irin wannan yadin narkewa yake ya manne a fata.

Ƙofa waje ya kamata ta buɗe. Wadda ke buɗewa ciki, da zarar mutum biyar sun dannu a jikinta, shi ke nan ta zama bango. Kafinta zai juya ta a yini guda. Kafin a buɗe kowace ƙofa a taɓa ta da bayan hannu. In da zafi, wuta na bayanta, a koma ɗaya ƙofar. Ta ƙarshen fita ta ja ƙofa ta rufe, ba da makulli ba. Rufaffiyar ƙofa tana hana wuta iska, tana kuma tsare hayaƙi.

Wurin taruwa ya yi nisan aƙalla mita 15 daga gini, in da fili a ƙara. Kada ya zama ƙarƙashin wayar lantarki, ko kusa da janareto da tukunyar gas, ko bakin get inda motar kashe gobara za ta shigo. A duba iska ma. Da hunturu, lokacin da gobara ta fi yawa, iskar Zariya daga arewa maso gabas take busowa, da damina kuma daga kudu maso yamma. Wurin da ya yi kyau a Janairu yana iya zama inda hayaƙi zai sauka a Agusta. Ki zaɓi gefen da ba ya kan wannan layi, ko ki ware wuri biyu.

Can za a kira suna da rajistar daren, ba ƙidaya kai ba. Ƙidaya takan ba da 40 alhali biyu daga wani ɗaki suke. Rajistar ta kwana kusa da ƙofa tare da tocila da usur. Wadda ta fita ta fita ke nan, ba komawa, ko Alƙur'aninta ta bari, ko ƙanwarta ba ta gani ba. Ta faɗa wa babba. Mutum ɗaya aka ɗora wa kiran 'yan kwana-kwana, da sunansa, don in aka ce "a kira", kowa zai zaci wani ya kira. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma ki je ofishinsu mafi kusa ki karɓi lambar da suke ɗagawa, ki rubuta ta a jikin ƙofa. Wadda tufafinta ya kama ta tsaya, ta kwanta, ta yi birgima, a lulluɓe ta da bargo. Gudu hura wutar yake yi.

Malama Tudun Wada:

Na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Sai dai ga inda gizo ke saƙa: ƙofar baya kullum da kwaɗo, ta gaba ma ana kulle ta daga waje bayan isha'i saboda tsaro, tagogi kuma duk da ƙarfe. In na ce a bar su a buɗe ba wanda zai saurare ni.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana:

Kada ki ce a bar su a buɗe, ki ce a sauya irin kullewar. Kulle yara daga waje shi ne abu mafi haɗari a duk abin da kika lissafa, ya fi rashin abin kashe gobara nesa ba kusa ba. Mai makulli yana iya zama a masallaci, ko barci ya ɗauke shi, ko hannunsa ya yi ta rawa yana gwada makullai goma a duhu.

Abin da ake so shi ne ƙofar da na waje ba zai iya buɗewa ba, na ciki kuwa ya buɗe da hannu ɗaya ba makulli. Babbar sakata ta ciki tana yin wannan, a sa ta daidai ƙirjin yarinya, a riƙa ɗiga mata mai don ƙurar hunturu tana sa ta cije. In tsoron shi ne yara su sulale da dare, a haɗa ƙofar da ƙararrawa mai batir da ke kuka in an buɗe, babba kuma ta kwana a ɗakin. In an dage sai kwaɗo, to ya zama daga ciki, makullinsa a rataye da sarƙa a jikin bango, taku ɗaya daga ƙofar, inda kowa ya sani.

Tagogi kuma mai walda ya yanke ƙarfen taga ɗaya ko biyu a kowane ɗaki, nesa da ƙofa, ya mayar da shi mai buɗewa da sakata ta ciki. A yi gwaji sau ɗaya kowane zango, ɗaya daga ciki da dare, fitilu a kashe, kuma wani lokaci a ce ƙofar gaba "ta ci wuta" don su saba da ta baya. A sanar da maƙwabta da iyaye kafin gwajin dare, kada unguwa ta ɗauka wani abu ne.

Mai Fassara, Sabon Gari:

Ina tare da Malam na Samaru a kusan komai, amma ina da ja a wuri ɗaya. Ficewa daidai ce a kan sanarwa. A jikin ƙofa kuwa "Hanyar Fita" ta fi, da kibiya. 'Yar aji ɗaya da baƙon da Hausarsa ba ta nuna ba duk sun san fita. Kuma a yi allon kore da farin rubutu, da hoton mutum yana nufar ƙofa, don wannan ita ce alamar da duniya ta saba da ita. Ja na kayan kashe wuta ne da hani. In kika rubuta hanyar fita da ja, kin ce "zo" da baki, kin ce "tsaya" da hannu.

Wasu sukan rubuta "Mafita". Ginin kalmar daidai ne, kamar mashiga da mahaɗa, amma amfanin yau ya janye ta zuwa warware matsala: ana neman mafita, an samu mafita. Ga ƙofar baya, "Ƙofar Gaggawa" ta fi "Ƙofar Ko-ta-kwana". Ko-ta-kwana shiri ne na jiran tsammani, kamar a ce jami'an tsaro suna cikin shirin ko-ta-kwana; ba ta gaya wa yaro yaushe zai bi ƙofar ba. Wurin da za a haɗu kuma "Wurin Taruwa" kawai. Na san za a kawo "tudun mun tsira", kuma magana ce mai daɗi, asalinta ma daga ambaliya ne, tudun da ruwa bai kai ba. Amma ta zama ta zaurance, har da ɗan ba'a a ciki, ana faɗin ta ga wanda ya samu wuri ya miƙe ƙafa. Matattara kuwa ta sha zama da shara da ɓata-gari har ta ɗauki warinsu.

Tunda zaure ne na harshe, bari in ƙara da na labarai, don a nan ake yawan kwaɓawa. Tashi ta taro ce da kasuwa da makaranta: an tashi lafiya, taro ya watse lafiya. Amma "an tashe su" kora ce, kamar masu rumfuna a bakin titi. Ƙaura barin wuri ne da niyyar zama a wani, da kaya da iyali. Ƙaurace wa wuri kuwa barin sa ne saboda wani abin ƙi, kuma ana iya dawowa. Gudun hijira na wanda bala'i ya kora ne ya rasa matsuguni. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya shiga Maiduguri, duk waɗannan sun faru a rana guda, kuma kowanne da mutanensa: wasu sun fice da ƙafarsu tun ruwa na idon sawu, wasu an kwashe su a kwalekwale da manyan motoci, wasu an ceto su daga kan rufi. Mai fassarar da ya ce duka "sun tsere" ya zalunci labarin.

Bambancin waɗanda suka fice da ƙafarsu da waɗanda aka ceto daga kan rufi lokaci ne kawai, kuma masu gida a bakin kogin Kubanni na nan Zariya su riƙe wannan. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana iya kayar da babba, mai santimita 60 yana tafiya da mota. Haka in tankar mai ta faɗi. A Majiya ta jihar Jigawa, a Oktobar 2024, fiye da mutum 150 suka rasu, galibinsu sun matso ne kwasar fetur. A irin wannan wuri kalmar ba fita ba ce, tunda ba a cikin komai ake ba. "Ku yi nesa" ake cewa, kuma a nufi inda iska ke fitowa, a hau tudu, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, kwari da lambatu yake bi.

Na gaisuwa kuma kada a cakuɗa. "A sauka lafiya" isa take nufi, ba tashi ba. "Allah ya kiyaye hanya" ta tsakani ce. "Mu rabu lafiya" sau da yawa gargaɗi ce. "Allah ya raba lafiya" ta mai juna biyu ce, kada wani ya yi wa fasinja ita a tashar Kwangila. Wanda za a shiga da shi tiyata a asibitin Shika kuwa "Allah ya sa a fito lafiya" ake ce masa, ga wannan "o" ɗin kuma, saboda masu addu'ar suna waje suna jira.

In akwai yaran da suka fi sabawa da allo, a ƙara layi ɗaya da ajami a ƙasan bokon.

Almajirin Ƙofar Gayan:

Allah ya gafarta malamai. Wadda ta ce "Hanyar Tsira" ta yi kama da wa'azi ba ta yi kuskure ba. Kunnen Bahaushe ya saba jin tsira a salati, tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzo, da kuma tsira ranar gobe. Mafita ma haka, ita ake fassara "makhraja" da ita a aya ta 2 ta Suratuɗ Ɗalaƙ, inda aka yi wa mai taƙawa alkawarin mafita. 'Yan'uwanmu Kirista na Wusasa su ma in ka rubuta "Hanyar Ceto" wani abu daban za su karanta.

Kalmar da nake so a ƙara a sanarwar ita ce natsuwa, kuma tana da asali. A Hajjin Bankwana, da rana ta faɗi jama'a suka taso daga Arfa, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya riƙe linzamin taguwarsa yana nuni da hannun dama yana cewa mutane su natsu, su natsu. Yana cikin dogon hadisin Jabir a Sahihu Muslim. A ruwayar Ibn Abbas a Bukhari ya ƙara da cewa alheri ba a gaggawa yake ba. Wannan barin wuri ne na dubban mutane a lokaci guda, kuma abin da aka umarta ke nan. Wanda ya tuna turmutsitsin Mina na 2015 ya san abin da rashinsa ke jawowa. Natsuwa ba jan ƙafa ba ce. A yi sauri da ƙafa, ba turi, ba tsallake na gaba, wadda ta faɗi a ɗaga ta.

Sai a kiyaye abu ɗaya. Addu'ar fita daga gida, Bismillahi tawakkaltu alallah, la haula wa la ƙuwwata illa billah, a koya wa yara su yi ta suna tafiya. Kada yarinya ta toge a bakin ƙofa tana karantawa, ko tana gyara wace ƙafa za ta fara fitarwa, mutum 30 na bayanta. Wadda ke cikin salla ma ta yanke, tsare rai yana gaba, ta rama a waje. Masu cewa shiri rashin tawakkali ne su dubi hijira a shekarar 622: an nemi ɗan jagora masanin hanya, an tanadi raƙuma, an yi kudu zuwa kogon Saur alhali Madina tana arewa, an kwana uku a ciki, an sa mai kawo abinci da mai kawo labari da makiyayin da zai bi da tumaki ya shafe sawu. Kuma hadisi ya hana a bar wuta a gida in za a kwanta, wanda a ɗakin ɗalibai yake nufin kyandir, da maganin sauro mai hayaƙi, da hitar dafa ruwa da aka manta a bokiti aka ɗauke wuta.

Malama Tudun Wada:

Allah ya biya ku duka. Ga abin da na haɗa, a duba mini:

YADDA ZA A FICE LAFIYA IN GOBARA TA TASHI. Ki tashi ki tashi ta kusa da ke. Ki bar kaya. Ki sunkuya ki bi bango zuwa hanyar fita. Ki taka cikin natsuwa. Kada ki koma ciki. Ki je wurin taruwa ki jira a kira sunanki.

Manazarci Samaru:

Ya yi, Malama, kuma "ki" ɗin ta fi "ku", kowace za ta ji da ita ake. Gyara biyu. "Ki tashi ki tashi ta kusa da ke" daidai ne a baki, amma a rubuce yarinya za ta zaci maimaici ne. Ki sa "ki tashi, ki tayar da ta kusa da ke". Sannan "kada ki koma ciki" ya zauna a takarda, tunda ido ba ya tsallake kalmar farko, amma a baki malamai su riƙa cewa "ku tsaya nan". A ƙarshen layin wurin taruwa kuma ki faɗi wurin da sunan da yaran suke kiran sa, gindin darbejiya ne ko filin ƙwallo, don sabuwar ɗaliba ba ta san inda "wurin taruwa" yake ba sai an nuna mata.